Muryar da ke Cikin Tsohuwar Kwamfuta

Tun ranar da likitoci suka cire wa Shozo Kuwabara maƙogwaro, muryarsa ta bar jikinsa ta koma cikin wata baƙar kwamfuta mai nauyin tsiya da ke kan teburin tsakar ɗaki. Matarsa Tokiko ce mai gadinta.

Kafin a yi masa aikin, da aka tabbatar ciwon daji ne, wata ma'aikaciyar asibiti ta ba su labarin wani ƙaramin kamfani da ke ɗaukar muryar mutum ya adana masa ita. Shozo ya ce shirme ne. Tokiko ta ja shi har can. Aka sa shi a wani ɗaki mai bangon soso, aka ba shi jimloli marasa kan gado ya yi ta karantawa, yau da gobe, har bakinsa ya bushe. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa gaban injin goge cokula da butoci a nan Tsubame, wanda in ya ce "uhm" sau biyu a wuni to ya yi surutu! Tokiko takan ce maganar da ya yi wa bangon soson nan ta fi duk wadda ya yi mata tun aurensu, kuma ba duka ne wasa ba.

Amma fa abin ya yi. Bayan an sallamo shi da rami a wuya da ɗan ƙyalle a kai, ya zauna ya danna haruffa da yatsunsa biyu masu kauri, sai ga muryarsa ta fito daga lasifika, da kaushinta, da yadda mu mutanen nan muke haɗiye ƙarshen kalma, har da ɗan jan da yake yi kafin ya ce a'a. Abin da ya fara faɗa shi ne a rage wutar hitar da ke ɗumama ɗaki, ana ɓarnar kananzir. Tokiko ta shiga kicin ta yi kukanta ta ƙoshi, sannan ta fito ta rage wutar.

Shekaru suka tafi a haka. Shozo ya ma fi da can magana, da alama yatsunsa ba su da nauyin baki irin na mai su. Yakan kushe mata miya, ya zagi 'yan wasa a talabijin, ya tambaye ta ina ta shiga tun ɗazu. "Mama" yake ce mata, ita kuma ta ce masa "Baba," kamar yadda suka saba tun haihuwar 'yarsu Mihoko. In maƙwabta suka leƙo, da muryarsa yake gaishe su, har wasu su manta su riƙa kallon bakinsa maimakon lasifikar.

Sai abubuwa biyu suka zo a jere. Ƙaramin kamfanin nan ya rufe, ba sanarwa ba sallama, wayarsu ta daina shiga. Ba a jima ba masu babbar manhajar da kwamfutar ke tafiya a kanta suka shelanta wa duniya cewa sun yaye wannan tsohon samfurin, ba sauran gyara, ba sauran toshe ɓaraka. Tokiko ta ji a labaran yamma tana yanka albasa, ba ta ɗauka da ita ake ba. Sai da Mihoko, wadda ke aikin ofis a birnin Niigata, ta hau jirgin ƙasa ranar Lahadi ta zo musamman, ko takalmi ba ta gama jerawa a bakin ƙofa ba ta fara bayani.

Ta ce wa uwarta ta ɗauka gida ne da aka daina ƙera irin kwaɗonsa, kuma duk ɓarayin gari sun san yadda ake buɗe shi. Daga yau duk wata cutar kwamfuta da ta shigo, ba mai tare ta. Ta zare wayar intanet ta naɗe ta sa a jakarta don kada wani ya mayar. Ta ɗauko salatif ruwan ƙasa, irin na liƙe kwali, ta bi duk ƙofofin da ake cusa abu a jikin kwamfutar ta liƙe su ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta kama hannun uwarta ta ce kome zai faru, ko wane ne, kada a cusa mata komai.

Tokiko ta tambayi abin da kowa zai tambaya: me ya hana a kwashe muryar a zuba a sabuwar kwamfuta? Mihoko ta ce ai ta kwafe ta tuni, tana nan a faifai a durowarta. Matsalar ita ce manhajar da ke iya buɗe muryar ba ta tashi a kan sababbin kwamfutoci. Ko a wata tsohuwar aka sake ɗora ta, sai ta kira kamfanin ta nemi izini kafin ta yi aiki, kamfanin kuwa babu shi. Wannan akwatin guda ɗaya tal, da izinin da aka ba shi tun farko, shi kaɗai ya rage a duniya da zai iya magana da muryar Shozo.

Daga nan Tokiko ta zama wata iri. Ta ɗinka wa kwamfutar mayafi. In an yi tsawa takan ruga ta zare wuta. Da jikan maƙwabciyarta ya zo da wayarsa yana neman inda zai yi caji, ihun da ta yi masa sai da uwar yaron ta yi mako tana gaishe ta a tsaitsaye. Kowace safiya takan bi salatif ɗin da babban yatsa, ta danne inda ya fara ɗagowa.

Mihoko kuwa ba ta yarda gadi kaɗai zai isa ba, kuma tana da gaskiya. Duk zuwan da za ta yi sai ta tayar da maganar. Ta kawo wata sabuwar kwamfutar hannu, siririya kamar faranti, mai murya a ciki tun daga kanti. Ta danna, muryar wani saurayi ta gaishe su, tas-tas, irin ta masu karanta labarai a Tokyo. Shozo ya saurara har ƙarshe, ya jawo madannansa.

"Wannan yaron bai taɓa riƙe ƙarfe ba," in ji shi. "Mayar musu da abinsu."

Ba ta mayar ba, ta tura shi saman kabad. Akwai kuma ɗan injin nan da masu irin lalurarsa ke dannawa a wuya ya yi musu zuuu, su tauna kalmomi a kai. Tun a asibiti ya gwada ya ce ƙuda ne a cikin gwangwani, ya ƙi fafur.

Hanyar da ta fi kama hankali ita ce ta wani mai gyara da Mihoko ta samo a birni. Ya ce zai iya gwada kwafe cikin kwamfutar gaba ɗaya, da manhaja da izini da komai, ya gina wa tsohon tsarin ɗan ɗaki a cikin sabuwar kwamfuta ya zauna a killace. Sai dai bai yi alkawari ba. Dole a bar masa akwatin ya kwana biyu a shagonsa, kuma faifan ciki ya tsufa, yana iya mutuwa ana tsakiyar kwafa. Mihoko ta ce gara a gwada yanzu da sauran numfashi a jikinsa. Shozo ya ce shi ba zai zauna kamar gunki ba alhali muryarsa na hannun wani a birni. Aka juyo ga Tokiko, don kowa ya san in ta ce a kai, za a kai.

Ta ce a bari ƙanƙara ta narke. Da ta narke ta ce a bari Baba ya warke daga murar da ta sauka masa a ƙirji. Gaskiyar magana tsoro take ji. Ta san shirun gidan nan na makonnin bayan aiki, ta ɗanɗana shi, ba ta son ko kwana ɗaya irinsa. Ita a ganinta, tunda ta tsare abin shekara guda ba abin da ya same shi, za ta iya tsare shi har abada. Mihoko ta koma birni ranta a ɓace, ta ce ita dai ta faɗa.

Ana cikin haka, wata ranar Laraba da hantsi, tasi ta tsaya a ƙofar gidan. Tokiko ta leƙa ta taga. Tsoho Inagaki ne ke fitowa da sanda, direba na tallabe shi.

Inagaki shi ne mai masana'antar da Shozo ya shiga tun yana ɗan sauke kaya, shi ya koya masa riƙon ƙarfe a jikin inji. Shi da matarsa kuma su ne dalilin auren Shozo da Tokiko, su suka kai hoto gidan iyayenta, su suka zauna gefen ango da amarya ranar biki. A wajenmu wanda ya haɗa aurenka ba ka gama biyansa, kuma kai ke zuwa gaishe shi, ba shi ba. Bara matarsa ta rasu. Da aka yi taron cikarta shekara a haikali, Shozo na kwance da murar nan, Tokiko ce kaɗai ta je ta ba da haƙuri. Yau ga tsohon da ya haura tamanin ya tako da ƙafarsa.

Tokiko ta durƙusa a bakin ƙofa ta juya masa silifas ɗin shiga cikin gida, tana ta ba da haƙurin gida ba a kintse ba, alhali ko ƙura babu. Ta zaunar da shi a wurin manya, ta kawo koren shayi a kofin baƙi. Shozo ya sa goshi a tabarma, ya daɗe bai ɗago ba. Da ya koma gaban madannai ya ce, "Maigida, ni ya kamata in zo. Na ji kunya." Tsohon ya yi dariya ya ce har yanzu muryar nan kamar ana jan buhu a kan tsakuwa, ya ji daɗin jin ta. Ya rame ƙwarai, kwat ɗinsa ta yi masa yawa, kuma yakan tsaya tsakiyar magana ya kalli gefensa na hagu inda matarsa ta saba zama.

Bayan an sha shayi, ya zaro wani ƙyalle mai ruwan shuni daga aljihun ƙirji, ya warware shi a hankali a kan tebur. Ɗan filashi ne, bai kai yatsa ba. Ya ce jikarsa ta ɗauki taron haikali a bidiyo, wani shagon hoto ya haɗa shi da tsofaffin hotunan marigayiyar, har da na ranar bikin Shozo. Shi bai iya waɗannan abubuwan ba, a gidansa ba na'urar kallo, sau ɗaya aka nuna masa. Da ya tuna Shozo na da kwamfuta, sai ya ce bari ya zo su kalla tare, tunda marigayiyar ta ɗauke shi kamar ɗanta. Ya ɗaga filashin da hannu biyu ya miƙa wa Tokiko, kansa a sunkuye.

Da hannu biyu ta karɓa, don ba a karɓar irin wannan da hannu ɗaya. Kanta na ta lissafi. Talabijin ɗinsu tsohuwa ce, ba ta da ƙofar filashi. Sabuwar kwamfutar da ke saman kabad ma ba ta da ita. Mihoko na ofis a birni. Tana iya cewa a bari sai Lahadi, amma me za ta ce masa dalili? Cewa abin da ya naɗo a ƙyalle, mai ɗauke da hoton matarsa, yana iya zama da cuta? Ta buɗe baki ta ce kwamfutar ta tsufa, ba ta san ko za ta iya ba. Tsohon ya ce shi ma ya tsufa ga shi ya iso, su gwada mana. Yana murmushi, idonsa na kan allon, ya riga ya gyara zama ya ciro tabarau.

Ta dubi mijinta. Shozo ya san dokar sarai, yana zaune aka kafa ta. Ya kalli salatif ɗin, ya kalli maigidansa, ya daɗe yatsunsa na sama ba su sauka ba. Sannan ya danna.

"Mama, saka."

Ko a lokacin tana iya ƙi. Tana iya kifar da shayi, ta ce wuta ta ɗauke, ta yi kowace irin ƙarya ta mata masu dabara. Ba ta yi ba. Ta sa farce ta ɓamɓare salatif ɗin, ya taso da ƙyar don ya daɗe, ya bar danƙo a gefen ƙofar. Ta cusa filashin.

Ba abin da ya faru, sai hoto da ya fito. Ga malamin haikali na karatu, ga hayaƙin turare, ga dangi jere cikin baƙaƙen kaya. Sai ga marigayiyar tana budurwa a bakin teku, ga ta da goyo, ga ta a ƙofar masana'anta tana raba wa ma'aikata kankana. Ga Shozo ango, wuyansa lafiya lau, ya ƙame kamar an sa masa sitati. Tsohon ya yi kuka ba ɓoyewa, hawaye na bin tabarau, yana nuna wannan yana nuna wancan. Shozo ma ya yi irin nasa kukan marar sauti. Sau biyu aka kalla. Da tasi ta dawo ɗaukarsa, Inagaki ya riƙe hannun Tokiko ya ce tun rasuwar bai yi wuni mai daɗin wannan ba. Tana dawowa daga rakiya ta yanko sabon salatif ta liƙe ƙofar, ta danne da ƙarfi.

Washegari lafiya lau. Tokiko ta fara sakin jiki, har tana yi wa kanta dariyar tsoron banza. Ba ta gaya wa Mihoko ba.

Kafin mako ya zagayo kwamfutar ta fara nauyin tashi. Sai muryar ta soma cin kalmomi, Shozo ya rubuta jimla guda a ji rabi. Wata safiya suna karyawa ya ajiye tsinken cin abinci ya danna wani abu, lasifikar ta ce, "Mama, ina kika aji," ta tsaya. Ya sake dannawa. Wani ɗan akwati ya fito a allo da rubutun da ba su gane ba. Ya kashe ya kunna, ya sake kashewa ya kunna, shinkafarsa ta huce a kwano. Manhajar ba ta ƙara buɗewa ba. Can ya jawo bayan ambulan ya rubuta mata cewa abin yanke farce yake nema.

Mihoko ta zo a ranar, ta ga sabon salatif a kan tsohon danƙo, ba sai an gaya mata ba. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi sauƙi. Ta naɗe kwamfutar a bargo ta kai wa mai gyaran nan. Tokiko ta bi ta, tana rungume da akwatin a cinya har birni.

Mutumin ya riƙe ta kwanaki, ya yi iya yinsa. Da suka koma ya cire hula ya yi musu bayani dalla-dalla. Wata tsohuwar cuta ce, ta daɗe tana yawo a filashin mutane. Sababbin kwamfutoci na kashe ta tun daga ƙofa, shi ya sa ba wanda ya lura da ita a duk inda filashin ya bi. Sai ta sami irin wannan tsohon tsarin take cizo. Ta bi manhajar muryar ta cinye, har da izinin da ke ciki. Zai iya wanke kwamfutar ta dawo fes, zai iya sake ɗora manhajar, amma tana tashi za ta nemi kamfanin, ta yi ta nema. Ya ce da an kawo ta kafin wannan, da wataƙila. Da ya ga fuskar Tokiko sai ya ƙi karɓar ko sisi.

Muryar dai tana nan lafiya a faifan da ke durowar Mihoko, ba abin da ya taɓa ta, sai dai ba bakin da zai furta ta. Suka tono kaset ɗin bikin Mihoko, inda Shozo ya yi jawabin uban amarya, ko za a iya yin wani abu da shi. Ya sha giyar shinkafa ranar, ga kiɗa, ga tafi, jimla uku ake ji da ƙyar.

A jirgin dawowa Mihoko ta ce dole a gaya wa Inagaki. Tokiko ta juyo ta dube ta, ta ce in ta kuskura ta kira shi ba ita ba ita. Ta san abin da zai faru. Tsohon zai hau tasi ya zo ya sa goshinsa a ƙasa gaban yaronsa, kuma ba zai ƙara kwana da daɗi ba har ya bi matarsa. In an tambaya, kwamfuta ta tsufa ta mutu, shi ke nan. Mihoko ta ce wato an fi tausayin mutuncin baƙo a kan muryar ubanta. Tokiko ta ce e, haka aka yi, kuma da hannunta ta yi.

Shirun da take gudu ya dawo ya zauna daram. Shozo ya koma rubutu a 'yan takardu, shi ma a taƙaice: shayi, magani, rufe taga. Ya daina zagin 'yan wasa, don kafin ya rubuta an wuce wurin. In tana kicin ba shi da hanyar kiranta sai ya ƙwanƙwasa tebur da cokali, kuma duk ƙwanƙwasawa sai ta ji ta a ƙirji. Haushi take ji, na tsohon da ya zo, na mijin da ya ce a saka, na kamfanin da ya gudu, amma ya fi yawa a kan matar da ta ce a bari ƙanƙara ta narke. Mihoko ta sauko da sabuwar kwamfutar daga kabad ta caja ta ajiye masa a tebur. Ya ɗora mata jarida a kai.

Da damina ta kusa ƙarewa, lokacin aika kyaututtukan tsakiyar shekara, mai kai saƙo ya kawo kwali daga Inagaki. Wannan ma juyi ne, su ya kamata su aika masa. Kifi ne mai gishiri, babba, daga shago mai tsada, da ɗan kati na godiyar wunin nan. Irin wannan kyauta ba a amsa ta da kati. Maigidan gida ne ke ɗaga waya ya yi godiya da bakinsa a ranar da ta iso, kuma duk shekarun nan Shozo bai taɓa fashi ba, yakan kara wayar a jikin lasifika ya yi gaisuwarsa.

Tokiko ta ce bari ita ta kira ta ce yana barci. Shozo ya girgiza kai. Ya ɗage jaridar daga kan sabuwar kwamfutar, ya share allon da hannun riga. Ya daɗe yana laluben haruffa, don gilashi ne ba madannai ba, yatsunsa na danna biyu a lokaci guda. Ya shirya gaisuwar tsaf, ya karanta, ya gyara, sannan ya yi mata alama. Ta buga lambar ta kara wayar a jikin kwamfutar, ta danna inda za su ji su biyu.

Tsohon ya ɗauka bayan dogon ƙara. Shozo ya danna. Muryar saurayin nan ta fito tas-tas, cikin ladabi, ta ce ni ne Shozo, Maigida, kyauta ta iso, mun gode ƙwarai da wannan karamci da bai kamace mu ba.

Sai muryar Inagaki ta taso, da ƙarfin da Tokiko ba ta zaci ya rage masa ba.

"Kai, ɗan nema. Na san irinku, 'yan sanda sun zagayo sun gaya mana. Ku kira tsoho ku ce ni ne, ni ne, ku kwashe masa ɗan abin da ya tara. To ka yi kuskuren gida. Shozo Kuwabara yarona ne, na san muryarsa tun ba a haifi ubanka ba. Ko cikin barci ya yi tari zan gane shi. Ka ji kunya."

Ya kife wayar.

Shozo bai motsa ba. Yatsansa na nan a kan gilashin, sauran gaisuwar da ya shirya na jere a allo ba a karanta ba. Tokiko ta san ba a barin irin wannan ya kwana. Ta sake bugawa. Da tsohon ya ɗauka a fusace ta yi sauri ta faɗi sunanta, ta sa dariya a muryarta, ta ce ai Baba ne da gaske, sabuwar na'ura ce Mihoko ta sayo masa, waccan ta tsufa ta gaji don kanta. Inagaki ya rikice, ya yi ta ba da haƙuri, ya ce tsufa ne, shi wawa ne, amma muryar ce ba ta yi kama da kowa ba. Ya tambaya yaushe za a gyara ta ainihin. Ta ce ana nan ana dubawa.

"To ba ni shi, Toki," in ji tsohon. "Ba ni yarona in ba shi haƙuri."

Ta miƙa wayar wajen mijinta. Shozo ya dube ta, ya kife kwamfutar a kan fuskarta, ya ɗora hannayensa biyu a kan gwiwa. Ta jira ko zai sake shawara, tsohon na ta kiran sunansa a cikin wayar. Sannan ta mayar da ita kunnenta, tana kallon mijinta zaune a gabanta, ta ce wa Maigida ya yi haƙuri, Baba ya ɗan shiga ciki ya kwanta.